Wa Zai Nome Gonar Mai Kiran Gayya?

Masu zane da kwamfuta ba mutanen taro ba ne. Sana'a ce ta mutum ɗaya da allonsa: ya zauna, ya toshe kunne, ya yi ta ja yana gogewa har caji ya ƙare ko man janareta ya ƙone. A ƙaramin gari kuma kowannensu kishiyar ɗan'uwansa ne, domin katin bikin da aka kai wa wannan, wancan ne ya rasa shi. Idan ka tara goma daga cikinsu a ɗaki ɗaya, abin da za ka samu shi ne zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Duk da haka muna da ƙungiya. Ba ta da ofis, ba ta da allon suna a bakin titi, amma ta haɗa masu zane daga Kafur da Malumfashi da Bakori har zuwa Funtua. A cikinta akwai dattawan sana'a, masu shagon kwamfuta da suka tsufa a kan CorelDraw, waɗanda kalandar makarantun Islamiyya da katin ɗaurin aure da takardar rasit na rabin yankin nan suka bi ta hannunsu. Akwai samari da 'yan mata da ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, da waya suke aikinsu, da PixelLab ko Canva, kuma wani lokaci aikin nasu ya fi na mai shago tsabta. Sai mu 'yan tsiraru da ke zana fuskar manhaja da Figma. Ni ta ƙofar baya na shigo. Karatuna na kimiyyar kwamfuta ne, aikina rubuta manhaja. Wata ƙaramar manhaja nake haɗa wa masu sayar da taki da maganin feshi don su riƙa lissafin bashin da suke bin manoma, na ga cewa lissafin yana tafiya daidai amma fuskar abin tana korar mutane, sai na shiga neman mai ido. Neman ne ya kai ni cikinsu, ban kuma fito ba.

Kamar kowace ƙungiya a ƙasar nan, da zaure a WhatsApp aka fara, sannan aka yi zaɓe. Shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare, mataimakinsa, ma'aji, mai binciken kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a, jami'in walwala. Da aka gama rabo, waɗanda ba su da muƙami ba su kai masu muƙami yawa ba. Aikin farko da ƙungiyar ta yi kuwa, tunda masu zane ne, shi ne kowane jami'i ya samu fastar taya murna da hotonsa a tsakiya, da hula a karkace. An yi mako guda ana yaɗa su. Fastocin sun yi kyau, wannan kam ba a musu.

Abin da ya sa mutane suka ci gaba da leƙo zauren bayan murnar ta lafa ba muƙaman ba ne. Matsaloli ne da mutum ɗaya ba ya iya maganinsu shi kaɗai. Akwai farashi, inda yaro mai waya zai karɓi aikin da ya ci masa yini guda a kan kuɗin da bai sayi datar da ya ƙona ba, ya karya kasuwar kowa har da tasa. Akwai bashi, musamman na lokacin siyasa. Sai kuma wadda ta fi damuna, matsalar haruffa masu ƙugiya.

Tun shekarun 1930 aka tsayar da ƙ da ɗ da ɓ a rubutun boko, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta raini mutanen da suka saba ganinsu. Amma ka zaga wuraren taro a yau ka karanta manyan banonin da ake ratayewa. Sau nawa ka ga an rubuta ana yi wa "manyan baki" maraba? Mai taron baƙi yake nufi, allon kuma yana zagin mutane da girman baki, ga su zaune a ƙarƙashinsa cikin manyan riguna. Mai zanen ba jahili ba ne. Yawancin kyawawan salon haruffan da yake so, waɗanda suka ƙera su ba su san da Hausa ba, babu ƙugiya a cikinsu. In ya matsa ya saka, sai harafin ya fito da wani salo dabam kamar haƙorin makka a bakin talaka, ko ya fito akwati babu komai a ciki. In ma ya dace a kwamfutarsa, sai ya tura aikin Kano ko Zariya inda manyan injinan buga bana suke, kwamfutar can ba ta da salon, a bugo masa mita shida na akwatuna, a sako a motar haya, ranar taro da safe. Wanda abin ya taɓa ci sau ɗaya, daga ranar ya saki ƙugiya saki uku.

Maganin bai da wuya. Akwai salon haruffa na kyauta da ke ɗauke da haruffanmu duka, irin su Noto na Google da Charis da Andika na cibiyar SIL. Akwai Gboard mai Hausa a waya. Akwai kuma dabarar da kowane tsohon mai CorelDraw ya sani, ta mayar da rubutu ya zama zane kafin a tura, yadda ba ruwan injin can da wane salo aka yi amfani da shi. Sai dai kafin wannan ilimi ya isa hannun mutum talatin, dole wani ya zauna ya gwada salo ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu ƙugiya, ya tara su wuri guda, ya bi shago shago yana sakawa, ya amsa waya da tsakar dare idan abin ya ƙi. Wannan aiki ba ya cikin tsarin mulkin ƙungiya. Babu jami'in ƙugiya.

Wanda ya yi shi wani mai shago ne da bai tsaya takarar komai ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zai so ba. Shi ne kuma ya riƙe ƙungiyar a 2021.

Mai karatu da ke wannan yanki zai tuna. A watan Satumba na shekarar, cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi da Bakori. An kuma hana sayar da fetur a jarka, alhali da jarka mai shago ke ciyar da janaretansa. Ƙungiyar da duk rayuwarta a WhatsApp take, sai ta wayi gari babu ita. Shugaba ba ya jin sakatare, sakatare ba ya jin ma'aji. Amma ba a daina aure ba, ba a daina saukar karatu ba, masu aiki na zuwa, babu hanyar tura shi wurin bugawa.

Bawan Allahn nan sai ya mayar da babur ɗinsa intanet. Ya bi shaguna ya kwashi ayyukan mutane a filasha, ya tafi inda sabis yake, ya tura, ya sauke saƙonnin da aka aiko wa kowa, ya dawo ya raba. Har da ayyukan waɗanda ke ƙwace masa kwastoma. Wata uku ana haka, a kan hanyoyin da mutum ba ya so magariba ta same shi. Da layuka suka fara dawowa a ƙarshen shekara, zaure ya farfaɗo, aka cika shi da addu'o'i da hoton tafi. Aka yi masa fasta, mai kyau.

Bayan wata shida ya yi shiru. Bai yi faɗa da kowa ba, bai fita daga zauren ba, ya dai daina magana. Da na je shagonsa na tarar rabin kwastomominsa sun koma wani wuri, domin a watannin da yake kan hanya shagonsa a rufe yake. Na ce, "Yaya, lafiya muka daina jin ka?" Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, gonar tawa ce ta yi ciyawa."

Amsar nan tasa ita ta sa na koma na dubi gayya da idon mai gina tsari.

Mu 'yan boko mun ɗauki gayya a matsayin misalin aikin kyauta, muna kawo ta a jawabi duk lokacin da muke so mutane su yi mana wahala ba biya. Wanda ya tashi a ƙasar noma ya san ba haka take ba. Mai gona ne ke kiran gayya, ya sanar tun da wuri, a sa rana. Ranar tana da farko tana da ƙarshe: a fita da sassafe, a tashi idan rana ta yi. Ba a taɓa kiran gayyar da ba ta da ranar tashi ba. Mai gayya kuma ba ya zuwa hannu rabbana, sai ya tanadi tuwo da fura ko kunu da goro, in da hali ya kira makaɗa, a yi wa gwanaye kirari kowa na ji, saurayi ya nuna ƙarfinsa a gaban mutanen garin da yake neman aure. Abu mafi nauyi shi ne wanda ba a rubutawa: gari yana riƙe da lissafi. An san wanda ya zo, an san wanda ya noƙe. Ranar da kai ma ka kira, ko ciwo ya kwantar da kai a tsakiyar damina, lissafin nan ne zai fito da mutane zuwa gonarka. Gayya bashi ce mai zagayawa. Shi ya sa ta daɗe, har zuwa lokacin da ƙwadago na kuɗi da maganin feshi suka rage mata ƙarfi.

Ƙungiyoyinmu na zamani sun ɗauki wahalar gayya sun bar lissafinta. Mai sa kai yana fita ba ranar tashi, da mansa, da datarsa, kuma layi ba ya taɓa zagayowa kansa. Ladansa fasta.

Wannan ba ciwon ƙauye ba ne. A sana'ata ta manhaja ya kusa jawo wa duniya bala'i. A 2014 aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet, sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bayan shekara 10 aka sake ganin irinsa. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita ba albashi, har ya fito ya ce ya gaji. Tun kafin ya faɗi haka, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana yana taimako, ya yi kusan shekara biyu yana sayen amana, aka ba shi mabuɗi, ya dasa ƙofar ɓoye da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi ya tono abin. Gajiyar mutum ɗaya ce ɓarawon ya bi ya shigo. Kamfanonin da ke cin moriyar aikin ba su taɓa zuwa gonarsa ba.

Tsofaffin ƙungiyoyin masu zane sun san wannan. AIGA ta Amurka, wadda aka kafa a New York a 1914, tana da rassa kusan 70, kuma 'yan sa kai ne ke tafiyar da rassan. Amma kujerun suna da wa'adi, sannan ƙungiyar kan tara shugabannin rassa su koyi aikin daga juna, domin ta gane cewa iya zane dabam, iya riƙe mutane dabam. Nan kusa da mu, rukunonin GDG da ke shirya taron DevFest a Kano da Kaduna su ma 'yan sa kai ne, kuma duk wanda ya taɓa halarta ya san cewa bayan awa shida na jawabai akwai wata biyu na wasu mutane da ba su yi barci ba. Su aƙalla suna da sunan Google a bayansu, suna da wurare irin CoLab da aka buɗe a Kaduna a 2016, inda mai sa kai kan haɗu da wanda zai ba shi aiki gobe. Layinsu yana zagayowa ta wannan hanya. A Kafur babu mai zuwa daga Legas ya ga ƙoƙarinka. In ƙungiya ba ta biya ka da hannunta ba, ba mai biya.

Kakanninmu ma ba su bar shugabancin sana'a a kan iska ba. Sarkin maƙera da sarkin pawa da sarkin aska suna sasanta rigima, suna tsayawa tsakanin masu sana'a da fada, a da har harajin sana'ar ta hannunsu yake bi, kuma kujerar tana da abin da take kawo wa mai ita, na girma da na aljihu. Ba na cewa mu naɗa sarkin zane, Allah ya kiyaye, rawanin kaɗai zai ci mana taro uku. Ina cewa ne ba su taɓa ɗauka cewa mutum zai ɗauki nauyin jama'a har abada a kan yabo ba.

Da aka kawo maganar a taro, gardama ta tashi daga inda ban zata ba. Wani dattijo cikinmu, mutumin kirki, ya ce shi dai abin da yake yi don Allah yake yi, in aka sa lissafi a ciki an ɓata lada. Na girmama maganarsa, amma ban yarda da ita a matsayin tsari ba. Niyya tsakanin mutum da Ubangijinsa take, ba wanda zai shiga. Ita kuwa ƙungiya ba ta da hurumin cin ƙarfin mutum ta ce ya je ya karɓa a lahira. Ko aikin zakka, an ware wa masu tattara ta kasonsu. Wanda ya ga zai iya yafe nasa, ya yafe da bakinsa, bayan an miƙa masa.

Abin da aka tsayar a ƙarshe ba shi da ƙyalli. An rage kujeru zuwa uku, wa'adin shekara ɗaya, ba tazarce. Sauran ayyuka aka mayar da su gayya ta gaskiya: wannan aiki ne, ga wanda ya ɗauka, ga ranar da zai sauke. Duk wanda ya ɗauki aiki sai ya ɗauki yaro ɗaya ya riƙa bin sa, don kada ilimin ya kwana a kai guda. Kuɗin wata da ake tarawa, kafin a sayi lemo ko a buga riga, sai an biya man babur da datar wanda ya yi wa ƙungiya zirga-zirga. Sakatare ya buɗe littafi, na takarda, saboda darasin 2021, yana rubuta wanda ya yi me. Idan babban aiki ya shigo da sunan ƙungiya, kamar makaranta mai son kalanda da baji da allon ƙofa a lokaci ɗaya, littafin nan ake buɗewa, wanda ya fi ba da lokacinsa shi ake fara yi wa tayi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi jawo ƙorafi, kuma shi ya fi aiki.

An kuma daidaita kalandar da ta gona. Kusan kowa a cikinmu manomi ne ko ɗan manomi, mai masara ko dawa ko auduga. Taron da aka sa a lokacin shuka ko lokacin girbi, shugaba da kujeru ne kawai za su halarta. Yanzu daga saukar ruwan farko sai a sassauta, a dawo da ƙarfi bayan an kai amfani gida, lokacin da bukukuwa ke yawa kuma kuɗi ke hannun mutane.

Matan cikinmu sun gyara wani abin da mazan ba su lura da shi ba. Yawancinsu daga gida suke aiki, wasu matan aure ne, taron bayan la'asar a shagon wani a Funtua ba nasu ba ne. Ɗaya daga cikinsu ta buɗe ajin koyarwa ta saƙon murya, tana tura aiki, a yi, a turo mata, ta gyara. Ba ta taɓa zuwa taro ko sau ɗaya ba, amma a littafin sakatare shafinta ya fi na kowa cika. Da aikin tambarin wata mai sayar da kayan yaji ya shigo, ita aka ba, ba wanda ya ce uffan.

Ba komai ya warware ba. Zaɓen 2023 ya kusa tsaga mu. Aikin fasta ya yi yawa har ana kwana a shago, sai wasu suka kawo shawarar a mayar da ƙungiyar ta goyon bayan wani ɗan takara, wai a nan ne za a samu kwamfutoci. An ƙi, da ƙyar, kuma waɗanda suka kawo shawarar ba su huce ba har yau. Bayan zaɓe kuma aka shiga bin bashi, na waɗanda suka faɗi da na waɗanda suka ci, ban san wanne ya fi wuyar karɓa ba. Abin da ƙungiya ta iya yi shi ne ta sa doka a kan 'ya'yanta: aikin siyasa sai an biya kashi mai tsoka kafin a kunna kwamfuta. Wasu na bi, wasu na karyawa a ɓoye.

Akwai kuma abin da littafi ba ya magani. Duk yaron da ya goge, hannunsa ya faɗa, Kaduna ko Abuja ke ɗauke shi, ko ya samu masu ba shi aiki daga waje ya daina kallon katin biki. Muna horarwa, birni na girba. Wasu na ganin asara ce. Ni ina ganin ya danganta da ko yaron ya bar wani a bayansa kafin ya tafi, kuma sharaɗin ɗaukar mabiyi saboda haka aka yi shi. Biyu daga cikin waɗanda suka tafi har yanzu suna turo ayyukan da suka yi musu ƙanƙanta, ɗaya kuma ko sallama.

Mai babur bai dawo kamar da ba, kuma ba wanda ya nemi ya dawo kamar da. An buɗe masa shafi a littafin, aka fara da wata ukun nan, aka kai masa aikin kalandar makarantu biyu a jere. Ya karɓa bai ce komai ba. Tarin haruffa masu ƙugiya da ya haɗa yanzu yana hannun wata yarinya da ta gama sakandare bara, ta ƙara wasu a kai, ta kuma cire guda biyu da ta gano ƙaramin ƙ ɗinsu yana da ƙugiya amma babban babu. Taro na gaba a Malumfashi za a yi shi, bayan an gama cire masara, kuma abu na farko a ajanda shi ne shugaba mai barin gado ya miƙa littafi da lambobin sirrin asusu a gaban kowa.